Bayani a kan ƙa'idar gudun mota, zuwa ga masu loda hatsi

 Kaka ta yi, lodi ya yawaita, ya kamata mu san dokar hanyar da dukiyarmu ke bi.

A dokar hanya ta Nijeriya kowace mota da iyakarta, ana lissafi da kilomita a awa ɗaya. Ƙaramar mota: 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas: 50, 80, 90. Amma tirela da tanka: 45 cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Dalili kuwa nauyi. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya ya ninka huɗu, balle ga buhunan masara a kai.

Masu tsare wannan doka su ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 'yan rodi sefti, wadda aka kafa a 1988. Suna da na'urar da ake saita mota da ita daga nesa, ta nuna gudunta. In direba ya wuce iyaka sai su rubuta masa takardar tara. Kuɗin a banki ake biya, ba a hannun ma'aikaci ba, kuma suna iya riƙe mota har a biya. Daga Fabrairun 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda in an kai iyaka ko an taka totur ba ta ƙarawa.

To, ga inda laifi ya zo kanmu. Mu ne muke ce wa direba: "Ka kai kafin farashi ya faɗi, akwai goronka." Mu yi lissafi. Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 230 ne. A gudu 60, kusan awa 4. A gudu 80, kusan awa 3. Awa ɗaya tak ka ci. A kan awa ɗaya ɗin nan ka jingina jarinka, da ran direba, da na yaron mota, da na masu tallar bakin hanya. In an riƙe motar ma, kasuwar ta wuce ka. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Shawarata, a yi lodi da wuri, a ba direba lokaci, kada goro ya zama na sauri, ya zama na isowa lafiya. Allah ya kiyaye hanya, amin. Wassalam.