Taswirar da ke Amsa Tambaya: Yadda Ake Gina Ta da Yadda Ake Karanta Ta

Ranar 22 ga Janairun 2020, wata malamar injiniya a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Lauren Gardner, da ɗalibinta Ensheng Dong suka ɗora wata taswira a intanet. Baƙin allo ne mai jajayen da'irori, girman kowace da'ira na nuna yawan waɗanda cutar korona ta kama a wurin. Cikin 'yan makonni sai ga 'yan jarida da jami'an lafiya da sauran jama'a na leƙa ta safe da yamma. Mutum kan ja ta da yatsa, ya zuƙo ƙasarsa, ya latsa, alƙaluma su bayyana.

Irin wannan taswira ta zama ruwan dare a yau. Da ita ake nuna sakamakon zaɓe, da hasashen ambaliya, da farashin abinci, da wuraren da ke da asibiti. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan haɗarin yake: abin da ido ya gani a taswira, zuciya kan karɓe shi ba gardama. Alhali kowace taswira aikin hannun mutane ce, kuma tun daga tattara alƙaluma har zaɓen launi akwai wanda ya yanke shawara. Sanin waɗannan shawarwari zai amfani mai son ya gina, ya kuma kare mai kallo.

Daga takarda zuwa allo

Ɗora alƙaluma a kan taswira ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1826 Charles Dupin ya fitar da taswirar Faransa wadda ya shafa wa kowane lardi duhu ko haske gwargwadon matsayin karatun boko a cikinsa. A 1854 kuma, da kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, daga baya ya zana su a taswira. Sai ga alamomin sun yi cincirindo a kewayen famfon ruwa guda da ke titin Broad. A lokacin yawancin likitoci na ɗora laifin cutar a kan gurɓatacciyar iska; taswirarsa ta zama ɗaya daga hujjojin da ke nuna ruwa ne.

Babban sauyi ya zo a Fabrairun 2005 da fitowar Google Maps. Kafin nan, idan kana son ka matsa gabas a taswirar intanet sai ka danna kibiya ka jira shafin ya sake buɗewa. Google ta sa ana jan taswira tana bin hannu. A cikin shekarar wani injiniya, Paul Rademacher, ya ɗauko tallace-tallacen gidajen haya ya jera su a kanta, Adrian Holovaty kuma ya ɗora rahotannin laifuka na birnin Chicago. A farkon 2008, a lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Kenya, Ory Okolloh da abokan aikinta suka kafa Ushahidi, inda jama'a ke aiko da rahoto ta saƙon waya ana sa shi a taswira.

Hawa uku

Duk taswirar da ke motsi a allo hawa uku ce, ɗaya bisa ɗaya.

Hawa na ƙasa shi ne shimfiɗa: tituna, koguna, iyakoki da sunayen garuruwa. Ba hoto guda ba ne. An yayyanka duniya zuwa ƙananan murabba'ai, kamar tayil ɗin daɓen ɗaki, kowanne mai faɗin ɗigon allo 256 da tsayi 256. A mataki na farko duniya duka tana cikin murabba'i ɗaya. Ka zuƙo sau ɗaya su zama 4, ka ƙara su zama 16, idan ka zuƙo sau goma sun haura miliyan ɗaya. Wayarka ba ta sauke su duka, 'yan ƙalilan da suka cika allonka kawai take nema. Shi ya sa idan sabis ya yi rauni za ka ga taswira na fitowa gutsure-gutsure. Masu gini da yawa na ɗauko shimfiɗarsu daga OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, 'yan sa-kai ke zana ta, kowa kuma na iya amfani da ita muddin ya ambaci inda ya samo.

Hawa na biyu shi ne bayananka. Siffa uku kawai yake ɗauka: ɗigo, kamar rijiya ko makaranta; layi, kamar hanya ko kogi; da fili mai iyaka, kamar jiha ko ƙaramar hukuma. Akan adana su a wani tsarin rubutu mai suna GeoJSON, inda kowace siffa ke tafe da lambobin wurinta da bayanan da ke rataye da ita.

Hawa na uku shi ne mu'amala: abin da zai faru idan an latsa, ko an ja, ko an zaɓi shekara. Wannan aikin yaren JavaScript ne, kuma ba sai mutum ya faro daga tushe ba. Akwai Leaflet, wadda Volodymyr Agafonkin ɗan Ukraine ya fitar a 2011, mara nauyi, da layuka kaɗan taswira ta tsaya. Akwai D3, ta Mike Bostock da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford, ita ma a 2011, ga mai son ya sarrafa kowane zane da kansa. Akwai MapLibre ga bayanai masu yawa. Wanda bai iya rubuta manhaja ba yana iya shiga Datawrapper ko Flourish ya zuba teburinsa. Gyaran iyakoki kuwa akan yi shi da QGIS, wadda kyauta ce.

Inda aikin yake da nauyi

Masu wannan sana'a sun san rubuta manhajar shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen tsabtace bayanai.

Ɗauki lambobin wuri. Birnin Kano na kan digiri 12 arewa, da kusan 8.5 gabas. A makaranta ana fara faɗin latitud sannan longitud, haka ma Leaflet take karɓa. GeoJSON kuwa longitud yake sa wa a gaba. Wanda ya juya su bai sani ba, ɗigon Kano zai faɗa wajen Ganye a kudancin Adamawa. Da a teku ya faɗa da an gane nan take, amma tunda yana cikin Najeriya, kuskuren na iya kwana ya tashi ba wanda ya lura. Idan kuma aka bar gurbin lambobin fanko, wasu manhajoji kan ɗauke shi sifili da sifili, su jefa ɗigon cikin Tekun Atlantika, kudu da Ghana.

Sai sunaye. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, kuma wasunsu suna ɗaya gare su. Akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. Akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, akwai Surulere a Legas da Oyo. Nasarawa ma sunan jiha ne, sunan ƙaramar hukuma ne a cikinta, ga kuma wata a birnin Kano da akan rubuta da "s" biyu. Idan aka haɗa tebur da taswira ta hanyar suna, kwamfuta na iya ba Kogi alƙaluman Filato, ko ta bar wuri fari don harafi ɗaya ya bambanta. Maganinsa shi ne a ba kowane yanki lambar shaida, a haɗa da ita.

Iyakoki ma suna da tarihi. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Mai son nuna yawan makarantu daga 1985 zuwa yau, idan bai kula ba, taswirarsa za ta nuna kamar Kano ta yi asarar makarantu a dare ɗaya.

Yadda launi ke ruɗar ido

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa launi bisa jimilla. Jihar da ta fi mutane kusan kullum ita za ta fi masu cuta, da ɗalibai, da masu laifi, don haka taswirar ba ta gaya maka komai sai inda jama'a suka taru. Daidai shi ne a raba da yawan mutane, a ce kaza cikin kowane 100,000. Jimilla kuma a nuna ta da da'ira mai girma ko ƙanƙanta.

Ko an yi haka, faɗin ƙasa na jan ido. Jihar Neja ta ninka Legas kusan sau 20 a faɗi, amma a ƙidayar 2006 Legas na da mutum fiye da miliyan 9, Neja kuwa ba ta cika miliyan 4 ba. A taswirar zaɓe launin Neja zai cika allo, na Legas sai an ƙura ido. Ƙasa ba ta jefa ƙuri'a. Saboda haka wasu kan zana kowace jiha da akwati mai girma ɗaya, ko su kumbura ta gwargwadon jama'arta.

Shimfiɗar kanta ma tana da nata. Yawancin taswirorin intanet na bin tsarin da ya samo asali daga Gerardus Mercator, wanda ya zana shi a 1569 don matuƙan jirgin ruwa. Yana kiyaye kusurwa da siffar wuri, abin da ke da kyau ga mai neman titi, amma yana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Greenland kan fito kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Taswirar unguwa ba ta da matsala da wannan. Ta duniya kuwa, in za a kwatanta ƙasashe, tana buƙatar tsarin da ke kiyaye girman fili.

Akwai kuma inda ake yanka rukuni. A ce, don misali, jihohi biyu na da kashi 49 da kashi 51. Idan an sa iyaka a 50, ɗaya za ta yi ja ɗaya ta yi kore, mai kallo ya ɗauka tazarar sama da ƙasa ce. Ja da kore ma ba kowane ido ke bambanta su ba. A Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 na da wannan larura. Cynthia Brewer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta tanadi jerin launuka da aka gwada, ColorBrewer, kowa na iya ɗauka. Wurin da babu bayani kuma a ba shi launinsa daban a rubuta haka, don kada a ɗauka sifili ne.

Wa zai latsa?

A 1996 masanin kwamfuta Ben Shneiderman ya ba da ƙa'idar da har yau ake bi: a fara nuna wa mutum hoton gaba ɗaya, a ba shi damar zuƙowa da tacewa, cikakken bayani kuma ya fito idan ya nema. Sai dai gogewar gidajen jaridu ta nuna yawancin masu karatu ba sa latsa komai, wucewa kawai suke yi da yatsa. Don haka babban saƙon taswira ya kamata ya fito tun kafin a taɓa ta.

Ga mai ginawa don mutanenmu, ma'aunin shi ne ƙaramar waya, da sabis mai ɗaukewa, da data mai tsada. Fayil ɗin iyakokin ƙananan hukumomi na iya yin nauyin da zai cinye wa mutum data kafin ya ga komai. Akwai manhajoji irin su Mapshaper da ke rage lanƙwasar iyakoki ba tare da siffar ta ɓaci ba. Maɓallai su yi girman yatsa. Sunayen garuruwa da bayanin launi su zo da harshen da mai kallo ke karantawa.

Amfani da amana

Arewacin Najeriya ya ga amfanin wannan fasaha a yaƙi da shan inna. A da, masu allurar rigakafi da taswirar hannu suke fita, ƙauyuka da rugage da dama kuma ba sa ciki. Daga wajajen 2012 aka shiga zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba ayarin ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, jami'ai kuma na duba allo su ga garin da aka tsallake su mayar da mutane. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020.

Amma abin da ke nuna inda yaro yake don a yi masa allura, yana iya nuna wa mugu inda mutum yake. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki, ta fallasa siffar sansanonin soja a Afghanistan da Siriya, domin sojoji na gudu da na'urorinsu a kunne. Irin wannan haɗari ne ya sa masu binciken lafiyar iyali na DHS ke gusar da ɗigon wuraren da suka yi tambayoyi da gangan, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a yawancin karkara. Bayanin marasa lafiya, ko na waɗanda suka kai ƙara, ko na 'yan gudun hijira, a tattara shi a matakin gunduma ko ƙaramar hukuma, kada a sa ɗigo a kan gidan kowa.

Mai kallo ma yana da nasa aikin. Kafin ka tura taswira ga wasu, duba wa ya tattara alƙaluman da yaushe. Duba ko jimilla ce ko an raba da yawan jama'a. Karanta bayanin launi ka ga inda aka yanka. Wurin da ya fito fari kuma ka tambaya: babu matsala ne a can, ko kuwa ba wanda ya je ya ƙirga? Taswirar da ba ta ba ka hanyar amsa waɗannan ba, komai kyanta, kada ka kafa hujja da ita.