Kafin yaro ya shiga ruwa, duba bakin wurin ninƙaya

Uwargida, zafin Afrilu a Kano yakan kai digiri 40, sai yaran Gyadi-Gyadi da Tarauni su matsa a kai su ninƙaya. Kafin ki biya kuɗin shiga, duba daɓen da ya zagaye ruwan. Tayil mai sheƙi na falo ne, da ya jiƙe sai santsi. Tsagagge yana yanka ƙafa, baƙi kuma yana ƙona ta da rana.

In a gidanku ne, mai tayil ya sauya shi da mai kaushi, marar kaifi a baki, ya ɗan karkata waje kada ruwa ya kwanta. A gama kafin damina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa ya ci kimanin mutum 300,000 a 2021. Ko an gyara, kada idonki ya bar ɗanki.