Abin da Za Mu Sa a Ƙarƙashin Bulon Intalok

'Yan'uwa manoma, mutanenmu da yawa suna shimfiɗa bulon intalok daga bakin hanya zuwa ƙofar gida ko ƙofar sito, domin mota da amalanke su iya shiga da damina. Bulon yana da tsada, amma ba shi yake ɗaukar nauyin mota ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne. In wannan bai yi kyau ba, damina ɗaya ta isa ta lotsar da hanyar, kuɗin amfanin gona ya tafi a banza.

Da fari mu kwashe ƙasar sama duka, da saiwoyi da ciyawa, mu kai ta lambu. A ƙarƙashin bulo ruɓewa take yi, tana kuma jawo gara.

To, me za mu zuba? Wanda ya fi duka shi ne fasasshen dutse daga kwari, manya da ƙanana a gauraye da garinsa. Yana da kaifi, saboda haka yakan riƙe juna in an daɓe shi. Tsakuwar rafi kuwa mulmulalliya ce, gangarawa take yi in taya ta hau. Yashi kaɗai ba ya ɗaukar mota, ko da mai aiki ya ce ya isa.

Yawancinmu marmara ce kusa da mu, ta kuma fi araha. Tana aiki sosai, amma ba kowace jar ƙasa ba. Mu ɗebi kaɗan, mu jiƙa, mu murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya ba ta katse ba, yumɓu ya yi yawa, a bar ta wa masu gini. Mu nemi mai tsakuwa da yawa.

Inci 4 ya isa hanyar ƙafa, mota kuwa tana bukatar inci 6 zuwa 8. Inda baƙar laka take, kamar wajen Numan, wadda takan kumbura da damina ta tsage da rani, sai a kai ƙafa 1.

Kada a zuba duka gaba ɗaya. A zuba inci 2 ko 3, a yayyafa ruwa, a daɓe kamar yadda iyayenmu mata suke daɓen ɗaki, sa'an nan a ƙara. In ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta yi hayar injin daɓe na yini ɗaya, ya fi. Hanyar ta karkata inci 1 cikin kowace ƙafa 4, domin ruwa ya gudu nesa da bango.

Daga nan sai yashi mai kaifi inci 1 kawai, a baje shi da katako. A kafa bakin hanyar da kankare hagu da dama, a jera bulo, a share yashi busasshe cikin tsagoginsa. Inda babbar mota za ta shiga ɗaukar buhuna, a sayi bulo mai kaurin milimita 80, wato inci 3 da ɗan kai.