FILIN MANOMA: In Kasuwa Ta Daina Ci, Kwana Nawa Gidanka Zai Yi?

Jama'a, yau ba maganar taki ko feshi za mu yi ba. Tambaya guda ce mu ke so mu yi wa kowane magidanci na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, manomi ne shi, ko ɗan kasuwa, ko akawu mai jiran ƙarshen wata. In aka wayi gari gobe hanya ta toshe, kasuwa ba ta ci ba, waya ba ta tafiya, kuɗin hannu kuma ba mai karɓa, kwana nawa iyalinka za su yi suna ɗora tukunya?

Kada wani ya ce wannan fatan tsiya ne. Ai an riga an gani. A farkon Satumba 1961 ba wanda zai yarda da haka, amma a farkon Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Zamfara, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako don ta matsa wa 'yan bindiga, ta hana fita da dabbobi, ta hana sayar da man fetur a jarka. Ran 3 ga wata kuma aka katse layukan waya na jihar duka. Gusau aka fara maido wa bayan kamar wata guda, ƙauyuka suka fi haka daɗewa. Kasuwar Shinkafi ta Alhamis, wadda fatake ke zuwa mata har daga ƙasar Nijar, ta yi tsit. Wanda ke da ɗa a Legas ko Abuja yana aiko masa da ɗan abin cefane ta waya, sai ya rasa ko hanyar da zai gaya masa halin da a ke ciki.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardun naira 200 da 500 da 1000 suka yi wuyar gani. Mutum na da kuɗi a banki, amma ba shi da abin sayen gishiri. A Agusta na shekarar nan aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yamai, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A duk waɗannan, wanda ya kwana da ƙoshi shi ne mai hatsi a ɗaki.

Kakanninmu sun san wannan fiye da mu, don sun sha wuya har sun raɗa wa yunwa sunaye. Akwai Kakalaba ta 1914, da Mai Buhu ta 1927, da Muda ta wajen 1954, sa'an nan babban fari na 1972 zuwa 1974, da na 1984. Amma wadda ta fi dacewa mu tuna ita ce ta 1942, wadda mutanen ƙasar Katsina suka sa wa suna 'Yar Gusau. Dalilin sunan kuwa, nan ƙasar Zamfara suka riƙa tahowa neman hatsi. Watau a da mu ne rumbun maƙwabta. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, tana kwasar gyaɗa da auduga da fatu, in an matsu kuma tana iya kawo abinci. Yau ba mai sa ran tsira ta wannan hanya.

To, ga inda bambancin ya ke. Masifar da can daga sama ta ke zuwa: ruwa ya ɗauke, ko fara ta sauka. Maganinta sananne ne, a cika rumbu. Ta yanzu kuwa daga daji ta ke fitowa. Ruwa na iya yin kyau, gero ya nuna, amma a hana ka zuwa gona sai ka biya, ka zo girbi a sake yanka maka wani kuɗin, ka tara a rumbu a zo a kwashe ko a cinna masa wuta. Saboda haka tanadin kakanni yana nan da amfaninsa, sai dai tilas a yi masa gyara.

A fara da lissafi, gama yawancinmu ba mu taɓa yi ba. Uwargida ta sani, maigida ne bai sani ba. Sai ya tambaye ta tiya nawa a ke aunawa kullum. A ce gida mai mutum goma, manya da yara, yana cin tiya biyu a rana. In tiya arba'in ce buhu, to, buhu guda kwana ashirin ke nan, shekara kuwa buhu goma sha takwas da 'yan kai. Wanda ba ya iya na shekara, ya nemi na wata uku, watau buhu huɗu da rabi, ya ɗauka cewa wannan ba nasa ba ne. Ba na biki ba ne, ba na suna ba, ba na sayen babur ba. In an ci daga ciki a mayar da madadinsa da kaka.

Yadda za a ajiye kuwa, nan ne mutanen da suka fi mu wayo. Ba su sussuke gero su zuba a buhu. Damma su ke shiryawa cikin rumbu, da zangarniyarsu, don gero a zangarniya ya kan yi shekaru bai lalace ba in ya bushe sosai, rumbun kuma yana bisa duwatsu nesa da laima da gara, jinkarsa ba ta yoyo. Kowa ya san labarin Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da shawarar da ya bai wa Sarkin Masar ta a bar hatsi cikin zangarniya saboda shekarun fari. Gero da maiwa sun fi masara jimiri nesa ba kusa ba. Mun ga yadda masara ta cinye gonaki tun da takin zamani ya yawaita, amma ita 'yar gata ce, ba ta yi sai da taki, ba ta jure ƙishi, a ajiya kuma ƙwaro ba ya raga mata. A noma ta don kasuwa, amma abincin ajiya gero ne da dawa.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani. Maganinsa buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara yaɗa shi a Nijeriya da Nijar wajen 2007. Ba sihiri a ciki: iska ce ba ta shiga, sai ƙwaron ya shaƙe ya mutu. Sharaɗinsa waken ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, a ɗora bisa katako inda ɓera ba zai huda ba. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam su ma suna yin wannan aiki, muddin an cika su har baki. Muna kuma jan kunnen masu jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu su ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana. Tururin ƙwayar nan dafi ne, yana kisa.

Yanzu ga gyaran da zamani ya tilasta. Kada a tara duka a wuri guda. Babban rumbu a bayan gari, wanda a da ya ke abin alfahari, yau talla ne. A raba uku: kashi guda a gida, kashi guda wurin ɗan'uwa ko amini a cikin gari, Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi ko ma Gusau, kashi guda kuma ɗan kaɗan wanda mace da yaro za su iya ɗauka a ka in gudu ya kama. Ajiyar da za a kai wurin wani a auna ta gaban shaidu biyu a rubuta, ko da ɗan'uwa ne ciki ɗaya, don yunwa ba ta san zumunta ba, kuma mai amanar na iya rasuwa magada su ce ba su san zance ba.

Iri kuma dabam ne da abinci. Mutum ya kan tsira daga mugunyar shekara, sa'an nan shekara ta biyu ta kashe shi don ya cinye irinsa. A zaɓi zangarniyu masu kyau tun a gona, a ajiye inda hannu ba ya kaiwa, wake kuwa a gauraya shi da toka mai laushi. A haɗa da iri mai saurin nuna, irin geron Sosat da wake ɗan wuri, don in an yi shuka a makare, ko gonar nesa ta gagara, a samu abin girba daga ta bakin gari. Wanda ke da ɗan fili a fadamar Gulbin Gagare ko Bunsuru kada ya yi wasa da shi. Dankali da rogo da kabewa sun fitar da gidaje da yawa daga bazara.

Game da dabbobi maganar gajeriya ce. Da fari ya kama, farashin hatsi hawa ya ke yi, na dabba ya faɗi, don kowa ya kai tasa kasuwa rana ɗaya. Mai niyyar sayarwa ya sayar da wuri ya mai da kuɗin hatsi. A halin da a ke ciki kuma garken shanu kiran ɓarawo ne. Jajayen awaki biyu uku da kaji a cikin gida sun fi kwanciyar hankali, ga saurin haihuwa, ga sauƙin sayarwa.

Akwai wani ilmi da ke neman ɓacewa, mu kuwa abin yana damunmu. Tsofaffin mata sun san abin da a ke ci a daji: tafasa, yaɗiya, rama, lalo, zogale, kuka, ɗinya, magarya, aduwa, goruba, murucin giginya, bado na tafki, har da 'ya'yan anza da sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. 'Yan matan yanzu da yawa ba su iya bambanta rabinsu ba, wai abincin talaka ne. To, ran da a ke bukatarsa ba ranar koyo ba ce, gama akwai mai guba a ciki, kamar rogo mai ɗaci in ba a jiƙa shi an shanya ba. A sa yara su bi kakanninsu tun yanzu, a kuma shanya ganye da kuɓewa da damina a cika tukwane. A dasa zogale a bayan ɗaki, ba ya cin wuri.

Inda jama'a suka taru gudun hijira, ba yunwa ce ke fara ɗaukar yara ba, ruwa ne. An ga yadda kwalara ta yi ɓarna a jihar nan a 2021. A tafasa ruwan sha in ana shakkarsa. In gudawa ta kama yaro, a samu ruwa mai tsabta lita guda, a zuba sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokali, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan har a kai shi asibiti. Saboda haka gishiri da sukari da sabulu da ashana suna cikin kayan ajiya, tare da kanwa da daddawa da ɗan man gyaɗa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya yi ƙoƙari maganinsa na wata guda ya kasance a hannu kullum.

'Yan kasuwa da ma'aikata, ku ma da ku a ke. Akawu ba ya noma, amma yana iya sayen buhu biyu uku da kaka, lokacin da hatsi ke araha, maimakon awo tiya tiya a watan Agusta. Kuɗi kuma kada a zuba su duka a banki ko a waya. A bar 'yan canji a hannu. Ɗan kasuwa kuwa ya san tanadin iyali dabam, ɓoye abinci don a jira mutane su galabaita dabam. Ko ba don tsoron Allah ba, sito cike a tsakiyar unguwa mai jin yunwa ba ya daɗewa a kulle. Haka nan zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga noman damina in ya kai nisabi, da gayya, da adashi, da aron iri tsakanin maƙwabta, su ne suka riƙe garuruwanmu a shekarun da muka ambata. Wanda ka ba dami bana, shi zai buɗe maka zaure baɗi.

Saura maganar da ba mai son yi, watau barin gida. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wasu kuma suka cika makarantu da kangaye a garuruwanmu. Yawancinsu da dare suka fita, ba shiri. Maigida ya tara iyalinsa ido na ganin ido ya gaya musu: in an watse, ga gidan wane a gari kaza, can za a haɗu. Kowane yaro da ya iya magana a koya masa sunan ubansa da na garinsu, babba kuma ya haddace lambar waya guda ta ɗan'uwa, kada a dogara da abin da ke cikin wayar da za a iya ƙwacewa. Takardun gona da na gida, da katin ɗan ƙasa, da takardun makarantar yara, a naɗe su a leda wuri guda tare da tocila da ɗan garin gero da ƙuli-ƙuli, a rataye kusa da ƙofa inda uwargida ma ta sani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bayyana yadda a ke gane hatsi ya bushe har ya isa ajiya, da yadda a ke gyara tsohon rumbu kafin a zuba sabon dami.