Marinan Da Ke Ɓoye Cikin Wayar Hannu

Da yamma, bayan an tashi daga kasuwa a Tungan Magajiya ta ƙasar Kontagora, akan ga samari sun yi cincirindo a kan waya guda suna wasan ƙwallo ko tseren mota. Ciyawar filin koriya shar, inuwar ɗan wasa tana biye da shi, gilashin mota yana ƙyalli. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka ɗauka da kyamara. Lissafa su ake yi nan take, ɗigo bayan ɗigo.

Abin da ke wannan aiki wani gajeren umurni ne da ake rubuta wa na'urar zane ta cikin waya ko kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira sheda. Aikinsa ya yi kama da na marinan Ƙofar Mata a Kano, watau shi ke yanke irin launin da kowane ɗigo zai sha, gwargwadon haske da inuwa. Sai dai yadinsa yana da faɗi. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma akan sake rina su duka har sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya.

Robert Cook na kamfanin Lucasfilm a Amurka ne ya shimfiɗa tushen wannan dabara a 1984. Daga nan Pixar ya fito da RenderMan a 1988, wanda da shi aka yi fim ɗin Toy Story a 1995. A 2001 kuma Nvidia ya fito da GeForce 3, aka fara rubuta wa katin zane na gida irin wannan umurni.

To, rubutawa ba ita ce wahalar ba, gano kuskure shi ne. Marini idan baba ya ɓaci yakan tsoma hannu a karofi ya ji. Shi kuwa mai rubuta sheda, dubban ɗigo ne ke gudu lokaci guda, ba wanda zai tsaya ya yi masa bayani. Allo ya yi baƙi ƙirin kawai, ko kuwa, ga masu aiki da Unity, abu ya rikiɗe ya koma ruwan hoda. Shekara da shekaru dabarar da aka dogara da ita ita ce a mai da lambar da ake zargi ta zama launi, a zuba mata ido, a yi ta kirdado.

RenderDoc, wadda Baldur Karlsson ya fara a kamfanin Crytek na Jamus, aka kuma sake ta kyauta a 2014, ta rage wannan kirdado ƙwarai. Takan kama hoto guda daga cikin sittin ɗin nan ta tsayar da shi cik. Mai aiki ya taɓa ɗigon da ya ɓaci, ta jero masa duk abin da ya taɓa ɗigon, sa'an nan ya bi lissafin layi-layi har ya iske inda aka raba lamba da sifiri. Microsoft yana da tasa, PIX, Nvidia kuma yana da Nsight.

Inda maganar ta shafi mutanen nan ƙasar shi ne wajen irin wayoyin da ke hannunsu. Da yawa daga cikin Tecno da Infinix suna ɗauke da na'urar zane ta Mali, wadda domin tattalin batir takan yi wani lissafin da gajerun lambobi, waɗanda ba sa wuce 65,504, ba sa kuma riƙe fiye da alƙaluma uku ko huɗu daidai. Babbar kwamfuta sau da yawa takan yi watsi da wannan tattali ta yi cikakken lissafi. Saboda haka ruwan da ke gudana sumul a teburin wanda ya rubuta shi, sai ya zo wayar Tungan Magajiya ya soma tsalle-tsalle bayan 'yan mintoci, mai waya kuwa ya ɗora wa wayarsa laifi.

Irin wannan ciwo ba a ganinsa sai a kan wayar da yake kamawa. RenderDoc tana aiki da wayoyin Android: a haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, a kama hoton daga cikinta. Matashin da ke son shiga sana'ar daga Rijau ko Kontagora ba zai biya ko kwabo a kan manhajar ba. Abin da zai nema shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da lissafin sakandare, musamman na kusurwa, da kuma wutar da za ta kai shi ƙarshen aikin.