Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasan Kurket Na Shiyya: Abin Da Na Gani Daga Kafanchan

Gabatarwa

Duk lokacin da na gaya wa abokan karatuna a wannan sashe cewa na taɓa wakiltar shiyyar Arewa maso Yamma a wasan kurket, tambayoyi biyu suke yi mini. Ta farko ita ce, "Mene ne kuma kurket?" Ta biyu, "Ashe kai gwani ne?" Ta farkon tana da sauƙin amsawa. Ta biyun ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin gaskiyar magana ita ce, a cikin mu huɗu da muka tashi daga Kafanchan akwai wanda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma aka ɗauke ni aka bar shi. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka. Ni Bajju ne, harshen Jju na sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta, saboda haka inda aka ga na yi tuntuɓe sai a yi mini uzuri.

Yadda wasan yake

Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da 'yan wasa 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin wuri mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana neman ya kayar da turakun da ƙwallo, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda yana kare su, yana kuma neman ya doka ƙwallon ta yi nisa. Masu bugu biyu ne a fili a lokaci guda, ɗaya a kowane ƙarshe. Idan suka yi musayar wuri da gudu sun sami maki ɗaya. Idan ƙwallo ta gangara har iyakar fili maki 4 ke nan, idan kuwa ta tsallake ta sama, maki 6. Mai bugu yana fita idan aka kayar da turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare da ƙafa ƙwallon da ta nufi turaku, ko aka jefi turakun kafin ya ƙaraso da gudu.

Jifa shida shi ake kira oba ɗaya. A gajeren wasan da aka fi yi a yanzu, kowace ƙungiya tana jefa oba 20, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya jefa fiye da oba 4 ba. Ke nan dole kowace ƙungiya ta shiga fili da masu jifa aƙalla biyar. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan. Tun a 1904 aka kara tsakanin Legas da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A Arewa makarantun gwamnati ne suka raine shi, musamman Kwalejin Katsina wadda ta zama Barewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ma ya buga. Nijeriya ta zama mamba a hukumar kurket ta duniya da sunan kanta a 2002. A 2019 samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka yi nasara a wasannin share fage a Namibiya, suka je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020 ƙarƙashin kyaftin Sylvester Okpe. A watan Janairun 2025 kuma 'yan matanmu suka doke Niyu Zilan da maki 2 kacal a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 a Maleshiya. Irin waɗannan 'yan wasa daga makarantu da gasannin matasa ake tsamo su.

Daga jifan mangwaro zuwa jifan kurket

Ni dai a tasowata ban taɓa ganin ana wannan wasa a Kafanchan ba, ƙwallon ƙafa muka sani. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka turo wa makarantarmu wani ɗan bautar ƙasa daga Jihar Edo, inda wasan ya yi ƙarfi. Kofa muke ce masa. Ya zo da sanda ɗaya tak da ƙwallayen tanis guda uku, yakan naɗe su da salatif ɗin masu gyaran wuta domin su ƙara nauyi da sauri, dabarar da yaran birnin Karachi na Pakistan suka shahara da ita. Turakunmu kuwa ƙafafun wata karyayyiyar kujera ne.

Duk yaron da ya tashi a Kudancin Kaduna ya iya jifa, ko don mangwaro ko don korar tsuntsaye daga gona. Amma wannan jifa lanƙwasa gwiwar hannu ake yi sannan a miƙe ta, kuma doka ta hana mai jifan kurket yin haka. Shi hannunsa a miƙe zai zagayo ta saman kafaɗa kamar fanka, kuma a wasannin duniya ba a yarda gwiwar ta miƙe fiye da digiri 15 ba. Na kusa wata uku Kofa yana ɗaure mini kwali a gwiwar hannu kafin hannun ya saba.

Sannan ni bahago ne. A gida na sha duka a hannun nan, musamman wajen kakata, idan na kai shi cikin kwano ko na miƙa wa babba abu da shi. Ranar da Kofa ya lura da hannun da nake jifa, sai ya ce kada in kuskura in sauya. Ya koya mini in rage sauri, in riƙa murza ƙwallon da yatsa lokacin sakinta. Idan bahago ya murza ta haka, da zarar ta dira ƙasa sai ta kauce ta yi nesa da mai bugu da dama. Shi kuma ya riga ya kai sanda inda yake zaton za ta zo, sai ta goge gefen sandar ta faɗa hannun mai tsaron bayan turaku, wanda mu muke kira gola. A lokacin ban ji daɗi ba, domin abokina, wanda muke benci ɗaya da shi, shi ne mai doka ƙwallo ta tsallake katangar makaranta ana tafi, ni kuwa babu mai yi mini tafi.

Matakan zaɓe

Hukumar Kurket ta Nijeriya tana shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta maza da mata, wadda kamfanin PwC ya yi shekaru yana ɗaukar nauyinta. A shekarar da na shiga, mataki uku muka bi. Da farko jiha ta tace 'yan wasanta. Daga nan jihohin shiyya suka kara da juna, mu a Arewa maso Yamma jihohi bakwai ne: Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Daga cikin waɗanda suka buga ne aka fitar da tawagar shiyya, wadda za ta je Abuja ta haɗu da sauran shiyyoyi biyar.

Kafin a kai ga mataki na farko ma akwai wani zaɓen da ba a rubuta shi a ko'ina ba, shi ne kuɗin mota. Daga Kafanchan sai an bi ta Zonkwa da Kachia kafin a isa Kaduna. Mama ce ta sayar da cittar da ta ajiye tana jiran farashi ya tashi, ta ba ni. Akwai yara biyu a makarantarmu da suka cancanci zuwa, amma tafiyarsu a nan ta tsaya.

A filin Murtala da ke Kaduna na fara riƙe ƙwallon kurket ta gaske. Da fata aka yi ta, nauyinta kusan giram 160, taurinta kamar dutse, ga ɗinki ya zagaye tsakiyarta. Biyu daga cikinmu tsoronta ya kayar da su tun ranar farko. Ni kuwa gaba ta kai ni, domin ɗinkin nan ya ba yatsana abin kamawa, ƙwallon ta riƙa kaucewa fiye da ta tanis. Abokina ma bai girgiza ba. Ya ari hular kwano da kariyar ƙafa, ya yi ta bugu. Mu biyu muka shiga tawagar jiha, kuma a wasannin shiyya yana cikin waɗanda suka fi tara maki.

Akwai kuma maganar shekaru, wadda ba kurket kaɗai take damu ba. Saboda ita ce hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Nijeriya a 2009. Mu takardar haihuwa aka nema. Yaran karkara da yawa ba su da ita, sai katin baftisma ko takardar rantsuwa ta kotu, kuma a gabana aka sallami wani yaro yana kuka, alhali kowa ya gan shi ya san bai kai 17 ba. Tawa takardar, Allah ya taimake ni, tana ƙasan akwatin zannuwan Mama.

Lissafin masu zaɓe

A nan ne gizo yake saƙa. Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, masu zaɓe ba gwanaye 14 na farko suke nema ba, gurabe suke cikewa. Mutum 14 aka ɗauka a shekararmu. Dole a sami gola, da wani da zai iya tsaya masa idan ya ji ciwo. Dole a sami masu jifa aƙalla biyar, kamar yadda na faɗa a baya, kuma ba iri ɗaya ba. Ana son masu jifa da ƙarfi kamar uku, da masu murzawa biyu, zai fi kyau ɗaya badama ɗaya bahago, domin idan mai bugu ya saba da jifa iri ɗaya an gama. Ana kuma son mutum biyu ko uku da suka iya bugu da jifa duka. Idan aka cire waɗannan, guraben da suka rage wa masu bugu zalla ba su fi huɗu ko biyar ba. To amma kowane yaro bugu yake so, domin a nan tafi yake. Sai ka ga yara da yawa suna rububin gurabe biyar, alhali gurbin bahago mai murzawa mu biyu kaɗai muke nemansa a duk shiyyar.

Idan aka yi kunnen doki kuma, tsaron fili ne yake raba gardama. Mai bugu yana iya fita a jifan farko, aikinsa na ranar ya ƙare, amma dole ya tsaya a fili na jifa 120 yana tare ƙwallo. A nan jifan mangwaro ya yi mini rana, domin mai tsaron fili an yarda ya lanƙwasa hannu, kuma sau biyu ina saitar turaku daga nesa. Abokina kuwa nauyin jiki gare shi, ƙwallo biyu suka suɓuce masa a wasan ƙarshe.

Da aka karanta sunaye, nawa ne na goma sha ɗaya. Aka kai na goma sha huɗu babu nasa. Ya yi ta maza ya je wurin mai horarwa, ni ina bayansa.

"Koci, don Allah mene ne laifina?"

"Yarona, ba ka da laifi. Ka iya bugu, babu mai musu. Amma irinka bakwai nake da su, shi kuwa wannan ɗaya ne."

Ko an yi adalci? A ganina an yi wa tawaga adalci, amma ban yarda an yi wa abokina cikakken adalci ba. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. A wajen zaɓen 'yan wasa abin akasin haka ne. Yaran manyan birane masu horarwa suna ganinsu duk shekara, sun san ranar da suka yi abin kirki, saboda haka idan suka yi kuskure sai a ce tsautsayi ne. Mu 'yan nesa kwana uku aka gan mu, kuskuren kwana ukun nan shi ne duk tarihinmu. Ban ce an yi son kai ba, amma mai bugu daga Kafanchan sai ya fi takwaransa na birni sosai kafin a ɗauke shi.

A sansani

Tunda wannan mujalla ta ɗaliban harshe ce, bari in ƙara da wani abu. Hausa ce ta haɗa mu a sansanin shiyya, kuma a can na fara sanin cewa tawa Hausar daban ce. Na ce "Mamana ya ce", yaran Kano suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ban san akwai bambanci tsakanin "kafa" da "ƙafa" ba sai da wani Bakatsine ya zaunar da ni yana sa ni maimaitawa. Haushin dariyar nan yana cikin abin da ya kawo ni wannan sashe.

Harshe ya taɓa jawo mana asara ma. Masu bugu biyu dole su yi wa juna kira kafin su yi gudu. A wani wasan gwaji ɗaya ya ce "zo", ɗayan ya ji kamar "no" ta Turanci, ya tsaya, suka haɗu a ƙarshe ɗaya, aka fitar da guda. Daga ranar Koci ya hana faɗin "zo", ya ce "taho" da "tsaya" kawai za a riƙa amfani da su. Da su muka je Abuja, inda na jefa obobina a kowane wasa, ban yi abin kunya ba, ban kuma yi abin da zai sa a kira ni tawagar ƙasa ba.

Da na dawo gida abokina ya yi kusan wata biyu ba ya yi mini magana. Bai sake zuwa gwaji ba, domin kafin shekara ta zagayo ya haura 17. Sandar da Kofa ya bari tana hannunsa, kuma duk ranar Asabar yana tara yaran unguwa a filin wata firamare yana koya musu. A hutun da ya wuce na je na same shi, an kawo masa sababbin yara uku. Kafin ya tambayi sunansu sai ya ajiye ƙwallo a ƙasa a gaban kowannensu, ya ce ya ɗauka ya jefo masa, shi kuma ya zuba wa hannayensu ido.