Tsohuwar kwat mai falmaran: abin da yadinta da wandonta ke nunawa

A cikin dilolin gwanjo da ake kwancewa a Kantamanto ta Akara, ko Mokolo ta Yawunde, ko kasuwannin Yamai da Maraɗi, akan ci karo da kwat cikakkiya mai kashi uku: kwat, falmaran da wando, wadda a Faransanci ake kira « costume trois-pièces ». Galibinsu ɗinkin shekarun 1970 ne zuwa yau, amma jefi-jefi wadda ta girme su nesa takan faɗo. Mai saye kan duba kwat ɗin ya manta da wandon, alhali wandon ne ya fi faɗin shekarun kayan, kuma shi ne aka fi lalatawa wajen gyara.

Asalin shigar daga Ingila take. A 1666 Sarki Charles na biyu ya shigo da falmaran fadarsa, sai dai a ƙarni na 19 ne ta kama siffar da aka sani, inda ake yanka duka ukun daga yadi ɗaya.

Abu na farko da hannu zai ji shi ne nauyi. Kwat ɗin shekarun 1930 da 1940 yawanci ulun tumaki ce zalla, mai giram 400 zuwa 550 a mita guda, yayin da ta yau ba ta cika wuce giram 300 ba. Dalili kuwa sanyi ne, domin gidaje da ofisoshin Turai na lokacin ba su da na'urar ɗumama ɗaki ta zamani. Akwai « worsted », mai santsi da ƙarfin zare, wanda garin Huddersfield ya yi suna da shi. Akwai « flanelle » mai laushi da ɗan gashi. Akwai kuma « tweed » mai kaushi na tsibiran Sikotland. A Faransa, masaƙun Roubaix da Elbeuf ne suka shahara. Irin wannan yadi yana zama daram a jiki, ba ya saurin yamutsewa, amma a Zindar ko Garwa ba ya sawuwa sai da hunturu. Wanda ya saye shi don bikin watan Afrilu ya sayi wahala.

Yadin roba ya zo daga baya. An ƙirƙiro poliyesta a Ingila a 1941, a Faransa kuma ya shiga kasuwa a shekarun 1950 da sunan Tergal, sunan da har gobe teloli ke amfani da shi. Gwajin ba wuya: a zaro ɗan zare daga cikin kalmasa a kusanta shi da ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta taurare.

Tsohon wando ba a ƙugu yake tsayawa ba, yakan hau har cibiya ko sama da ita. Ba kuskuren tela ba ne. An yanka shi ne don falmaran ta rufe bakinsa, kada taguwar ciki ta leƙo tsakaninsu. Shi ya sa ba a yi masa madaukan bel ba, don bel zai tokaro falmaran ya yi tudu. A maimakon haka akwai maɓallai shida a bakin wandon, huɗu gaba biyu baya, inda ake maƙala igiyoyin kafaɗa, wato « bretelles ». A ɗinkin Ingila bayan wandon yakan ɗaga sama ya rabu biyu kamar wutsiyar kifi, don igiyoyin su ja shi ba tare da ya tattare ba.

A nan ne ake yin ɓarna. Saurayi ya kai wa tela ya ce a rage tsayin ƙugu, a sa madaukan bel irin na yayi. Da zarar an yanke, falmaran ta zama gajera, taguwa ta fito a ciki, aljihunan baya su koma kusa da bakin wandon, kuma yadin da aka yanke ba ya dawowa. In ƙugun ne ya yi kaɗan, a duba ɗinkin tsakiyar baya: tsofaffin teloli kan bar rarar yadi a wurin domin a buɗa.

Gaban wandon ma shaida ne. Maɓallai a jere sun fi nuna ɗinkin da ya gabaci shekarun 1950, domin zif bai fara shiga wandon maza sosai ba sai tsakiyar shekarun 1930, kuma telolin Ingila sun daɗe suna ƙyamarsa. Faɗin ƙafa da tattarar gaba su ne alamar shekarun 1930. Ƙafa tsukakkiya ta fi yawa a shekarun 1960, mai buɗewa daga gwiwa zuwa ƙasa kuma, « pattes d'éléphant », ta shekarun 1970 ce.

Naɗin bakin ƙafa yana da nasa labarin. A 1941 Birtaniya ta fara rabon tufafi da kati saboda yaƙi, ta kuma fito da tambarin CC41 na kayan da aka ɗinka bisa ƙa'idar gwamnati. A 1942 aka hana naɗin don tsimin yadi, Amurka ma ta hana a shekarar. Maza ba su ji daɗi ba. Wasu suka riƙa sayen wandon da ya fi su tsawo, a naɗe musu a gida. An ɗage dokar a Birtaniya a 1944. Kwat mai tambarin CC41 a shafinta ko cikin aljihunta ba ta wuce 1952 ba, shekarar da aka soke tsarin, kuma masu tara tsofaffin tufafi a Turai suna nemanta.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga wandon a hasken rana, domin ƙananan hujojin da asu ya ci ba sa ganuwa a cikin rumfa. A duba tsakanin cinyoyi da mazauni, inda yadi ke fara sirancewa. A kuma jera ukun wuri ɗaya a gwada launinsu: wando ya fi shan wanki da guga, kuma wani lokaci ma na wata kwat ɗin ne aka haɗa.